Shekarar da Na Sauke Eriya

Ku duka huɗu kun tashi kun same ni a rumfata ta bakin kasuwar Illela, da tabarau a karan hanci, da ƙarfen dalma a kan gaushi, rediyoyin mutane jibge a bayana har kusa da kwano. Ba zan sake ba ku labarin inda na yi karatu ko yadda na auri innarku ba, kun ji wannan har kun gaji. Shekara ɗaya nake so in rubuta muku, shekarar da aka rufe layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga. A lokacin ku ukun manya kuna Sakkwato, autarku Zainabu ce kaɗai a gabanmu. Duk abin da kuka sani game da wannan shekara daga bakina kuka ji shi, kuma ban gaya muku daidai ba. Yanzu idanuna sun fara gajiya, hannuna yana rawa idan na riƙe alƙalami, gara in rubuta tun ina iyawa.

Sai na fara da sana'ar, don in ba ku gane ta ba, ba za ku gane laifina ba. Wani dattijo ne ya koya mini a Ƙonni, mutumin da ya yi aikin sadarwa tun yana saurayi. Ranar farko bai ba ni rediyo ba. Igiyar guga ya ɗauko, ya ɗaure bakinta ɗaya a turke, ya riƙe ɗayan ya yi ta kaɗawa. Na ga motsin yana gudu daga hannunsa har turken, alhali igiyar tana nan ba ta je ko'ina ba. Ya ce haka abin yake. Na'urar watsawa tana sa lantarki ya yi ta hawa da sauka a cikin eriya, da saurin da ido ba ya iya bi, sau dubu bisa dubu kafin ka ƙifta. Wannan kaɗawar ba ta tsayawa a jikin ƙarfen, fita take yi ta bazu ta kowane gefe da gudu irin na haske. Muryar mutum kuwa ɗora ta ake yi a kai, kamar kaya a bayan jaki. Duk wata waya da motsin ya tarar a hanya sai ta kama rawa tare da shi, ko da kaɗan ne, sai rediyo ya ƙara wa wannan 'yar rawar ƙarfi, ya sauke muryar ya miƙa wa lasifika. Na shekara arba'in da wani abu ina cin abinci da wannan bayani. Kullum ina kallon motoci sun yi layi a bakin iyaka ana duba takardunsu, ga waƙar gidan rediyon Nijar tana shigowa rumfata ba wanda ya tsayar da ita.

Da wannan sana'a na san Buba. Bafulatani ne, rugarsu tana wani kwari a bayan Tozai. Muna samari ya kawo mini wani rediyo da nono ya zube a ciki, yana tsaye a kaina da sandarsa a wuya har na gama. Da ya ji murya ta fito sai ya tsuguna ya tambaye ni yadda aka yi mutumin da ke bayan teku yake magana a cikin akwatinsa. Na ce masa gajeren zango sama yake nufa, ya bugi wani rufi da ke can ƙololuwa inda ido ba ya gani, ya dawo ƙasa a wuri mai nisa, shi ya sa yake tsallake teku da duwatsu. Ya daɗe yana kallon sama.

"Ashe ita ma tana da rufi," ya ce. "Kai Kaɗo, kun san abubuwa, amma ba ku san tatsar saniya ba."

Daga ranar duk kasuwa sai ya biyo ta rumfata. Shi ya kawo ragon sunan babbanku. Da mahaifina ya rasu, kwana uku ya yi a zaurenmu, ya bar shanu a hannun ƙannensa. Ba mai yawan magana ba ne, yakan zauna a kan benci daga hantsi har azahar, mu yi kalma goma, ya tashi ya tafi, ni kuma in ji kamar mun yini muna hira.

Da aka rufe layi, gari ya zama wani iri. Ƙarafan sabis suna nan tsaye amma sun yi shiru. Wayar hannu ita ma rediyo ce ƙarama, sai dai zangonta ba ya bugun sama ya dawo, miƙewa yake yi kamar kibiya, idan tudu ya tare shi shi ke nan. Saboda haka mutane suka koma sayen layin Nijar, suna hawa tudun da ke kallon Ƙonni suna ɗaga waya sama, ko za su tsinci ɗan abin da ya tsallako. Za ka ga dattijo da rawani a kan dutse yana ihu cikin waya yana tambayar lafiyar ɗansa. Mu na cikin gari ke nan. Mutanen da ke kwari irin su Buba ba abin da ke isa gare su, na nan ko na can.

Wata ranar kasuwa a farkon damina Buba ya zo, na ga ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya zauna bai taɓa shayin da na zuba masa ba. Da kyar ya gaya mini cewa mutanen daji sun zo rugarsa sau biyu. Suna so ya ba su ɗaya daga cikin 'ya'yansa maza ya bi su, ko ya riƙa ba su labarin wanda ya sayar da shanu a kasuwa. Ya ƙi. A hanyarsa ta zuwa kuma 'yan sa-kai sun tare shi sun zazzage masa jaka, sun kira shi ɓarawo a gaban mutane.

"Can su ce ni na gari ne, nan a ce ni na daji ne," ya ce. "Umaru, in wani abu ya same mu cikin kwarin nan, sai ungulu ta ba ku labari."

A ƙarƙashin tebur ina da oba-oba guda biyu, irin rediyon hannun nan da ake magana ta cikinsa, waɗanda wasu direbobin manyan motoci suka bar mini tun da daɗewa. Na ɗauko su na goge ƙura. Su kaɗai ba za su kai Tozai ba, na sani, don su ma a miƙe suke tafiya. Amma idan aka ɗaga eriya sama sosai a nan, aka ɗaga a can, har su hango juna ta saman tuddai, magana za ta wuce. Kwana huɗu na yi ina aiki. Na yanka wayar tagulla daidai da tsawon da zangon yake so, kusan kamu guda, na yi mata ƙafafu huɗu, na yi guda biyu. Tawa na ɗaure a kan gora biyu da na haɗa, na kafa a tsakar gida jikin ɗakin innarku. Ta Buba kuwa ni da kaina na hau babur na je, babban ɗansa Ja'e ya hau wani dogon gawo da ke bakin kwarin ya ɗaure ta a reshen sama. Gawo ba ya ganye da damina, sai na ji daɗi ba abin da zai tare ta. Na bar musu ƙaramin faifan sola na cajin batir, na nuna wa Buba inda zai danna ya yi magana da inda zai saki ya saurara. Muka yi alkawari kullum bayan sallar la'asar zan kunna, shi ma ya kunna.

Washegari da la'asar na zauna a kan tabarma na kunna. Shuu kawai nake ji. Innarku tana tankaɗe tana kallona ta gefen ido. Can sai muryar ta faso, a shaƙe amma tasa ce.

"Kaɗo, kana jina? Ko ƙarya ka yi mini?"

Innarku ta saki rariya ta yi salati. Ni kuwa dariya na yi ta yi har na manta ban danna ba.

Wata biyu muka yi a haka. Yawanci ba komai muke faɗa ba, an yi ruwa ko ba a yi ba, saniya kaza ta haihu, gero ya fara bununi. Amma ranar da matar Ja'e ta kwana biyu tana naƙuda, da wannan oba-oba aka kira ni. Na ruga wurin wana, Alhaji Isa, baffanku mai fataucin wake da albasa zuwa Nijar, ya ba da a-kori-kurarsa ta tarye su a Tozai. Aka kawo ta asibiti, ta sauka lafiya, ɗiya mace. Wata rana kuma, jajibirin kasuwa, Buba ya ce mini ya ga babura masu yawa sun bi ta gabas da kwarin sun nufi hanyar Araba. Na gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya aika, fataken wannan hanya suka ƙi fitowa da safe. Ba wanda aka tare. Na kwana ina jin na yi wani abu a duniya.

Wannan alherin ne ya jawo mini. Mutane suka fara tambayar juna, ta ina Umaru mai rediyo ya san inda 'yan bindiga za su bi? Wanda bai taɓa ɗaga kai ya kalli gorar gidana ba ya fara tsayawa yana nuna ta da baki. A masallaci na ga sahu yana ɗan buɗewa a gefena. Masu kawo gyara suka ragu. Wata safiya 'yan sa-kai uku suka zo rumfa da bindigogin gargajiya a kafaɗa, babbansu yaron da na san ubansa ne, amma bai gaishe ni ba.

"Da wa kaka magana cikin daji?" ya ce.

Na ce da Buba, amininna, wanda ya ba da labarin da ya tsirar da mutanen Araba.

"Bahillace dai. Wanda ya san inda za su bi, ya san inda sunka kwana. Muna kallonka, Malam."

Da yamma Alhaji Isa ya zo gida. Bai shiga zaure ba, tsakar gida ya wuce ya tsaya a gindin gorar yana kallon sama. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ban taɓa musa masa magana ba.

"Umaru, sauke abin ga," ya ce. "Na san Buba, na san mutumin kirki ne. Amma an kashe mutane garin ga a kan abin da bai kai wanga ba. In sunka zo da fushi ba su tambayar ka bayani. Kana da ɗiya budurwa cikin gida."

Na ce masa, Yaya, in na sauke, mutanen nan ba su da kowa. Ya ce shi bai ce in yar da Buba ba, ya ce in sauke gora. Ya kaɗa rigarsa ya fita. Innarku ba ta sa baki ba sai da ta kawo mini tuwo. Ta ajiye kwanon ta zauna nesa kaɗan, abin da ba ta saba ba.

"Malam, yau wurin niƙa mata sunka tashi sunka bar ni ni ɗaya," ta ce. "Ban ce maka ka sauke ba. Na dai hwaɗa maka."

Duk da haka ban sauke ba. Na ƙara kwana shida. Ina so ku san wannan, ba don ya wanke ni ba.

Akwai abin da na sani tun ranar da na kafa gorar, na kuma ƙi tsayawa in yi tunani a kai. Oba-oba ba wasiƙa ba ce da ake liƙewa a rubuta sunan mai ita. Abin da ya fita daga eriya kowane gefe yake tafiya, duk mai na'ura irin wannan da ya murɗa ya faɗo kan tasharmu zai ji mu kamar yana zaune a tabarma ɗaya da mu. Mutanen daji kuwa, da aka rufe layi, su ma oba-oba suka koma. Ranar wata Laraba da la'asar muna cikin magana da Buba a kan wani ɗan maraƙi da ya karye, na saki maɓalli ina jiran amsarsa, sai wata murya ta shigo. Ba tasa ba ce. Muryar saurayi ce, a natse, kuma ta fi ta Buba fitowa tangaram, alamar mai ita ya fi kusa da ni ko yana kan tudu.

"Umaru mai rediyo. Sannu da aiki. Gida mai doguwar gora, bayan masallaci. Muna jin ku tun ranar Araba."

Sannan ya ƙara da cewa, "A gaida mutanen gida."

Zainabu tana bakin rijiya tana wanke-wanke, ta juyo tana tambayata wane ne. Na ce ba kowa. Na ji Buba yana kira, Umaru, Umaru, kana nan? Yatsana yana kan maɓallin. Da na danna na ce masa, Buba, zan rufe, kada ka ƙara dogara da wannan abu, ka nemi wata hanya, da numfashi ɗaya ya ishe ni. Ban danna ba. Na ce wa kaina mai muryar yana saurare, kada in ƙara ba shi wani abu. Gaskiya ne yana saurare. Amma gaskiyar da ta fi wannan ita ce kunya ta hana ni. Ban iya buɗe baki na ce wa mutumin da ya ƙi ba da ɗansa, ya ƙi tsoron bindiga a gabansa, wai ni murya kawai na ji na tsorata ba. Na murɗa na kashe.

Kafin magariba na tura Zainabu gidan baffanku ta zauna can, sannan na kwance igiyoyin da ke riƙe da gorar. Ni kaɗai na yi, innarku ta tsaya a ƙofar ɗaki ta harɗe hannu. Gorar ta fi ƙarfina wajen saukowa, ta kuɓuce ta faɗi a kan dangar baya ta karya ta. Na cire eriyar na lanƙwashe ƙafafunta na tura ƙarƙashin gado tare da oba-oban. Washegari a masallaci wani da ya daina gaishe ni ya miƙo mini hannu, na karɓa.

Na yi niyyar aika wa Buba saƙo ranar kasuwa. Ranar ta zo, ba wanda ya zo daga rugarsu, don a makon an doki wasu Fulani a hanya, duk sun ɗauke ƙafa. Na ce zan hau babur in je da kaina. Ranar da na shirya aka tashi da hadari mai iska wanda ya kwashe kwanon gidaje da dama a unguwarmu, hanya ta cika da ruwa. Na ce sai ta sha iska. Da ta sha na ce sai gobe. Kullum la'asar ta yi sai in bar gidan in koma rumfa in zauna, ko ba aiki, don kada in ga inda gorar take a da.

Kwana tara bayan na sauke, da hantsi, wani mai babur ya tsaya a bakin rumfar maƙwabcina yana ba da labari. An shiga wata ruga a bayan Tozai jiya da rana tsaka, an kashe mai rugar da ɗansa ɗaya, an kore shanu duka. Ban tambayi suna ba. Na ci gaba da riƙe ƙarfen dalma har ya huce a hannuna.

Ja'e ya zo bayan sadakar uku. Yana daji da tumaki lokacin da abin ya faru, shi ya sa ya tsira. Ya zauna a bencin da ubansa yake zama, ya ba ni labari ba tare da ya ɗaga murya ba. Mutanen daji sun aiko musu cewa sun ba su kwana uku, ko ɗa ko rai. Buba ya yanke shawarar su tashi su shigo Tozai da mata da yara da shanu. Amma ya san idan 'yan sa-kai suka hango Fulani da garke sun nufo gari ba sanarwa, harbi za su fara. Abu biyu yake so daga gare ni, in sa mai unguwa ya aika Tozai a ce masu zuwa mutanen kirki ne, in kuma roƙi motar Alhaji Isa ta kwashi mata. Ran farko ya kira daga la'asar har rana ta faɗi. Rana ta biyu tun safe ya zauna a gindin gawon. Ja'e ya ce masa su tafi haka nan, ko ta Nijar ne su bi. Ya ce a'a, a ƙara jira, Umaru bai taɓa saɓa masa ba, wataƙila batir ne. Ya sa Ja'e ya hau gawon har sau biyu ya duba ko waya ta tsinke. Mutanen ba su cika kwana ukun ba.

Da ya gama sai ya dube ni.

"Bappa, na biyo ta bayan gidanka, na ga danga a karye, ba gora. Iskar nan ce ta kayar da ita?"

Shi ya kawo mini ƙaryar har hannuna, ni kuma na karɓa. Na ce iskar ce. Na ce ta karya eriyar, ina neman tagullar da zan sake wata ke nan. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya ƙaddara, ya ma ba ni haƙuri, ya ce ya san na fi kowa jin zafi. Da kuka zo gaisuwa daga Sakkwato abin da na gaya muku ke nan. Innarku tana zaune ta ji, har ta koma ga Allah ba ta tona ni ba, ba ta kuma taɓa ce mini na yi daidai ba. Alhaji Isa ya so ya yi mini magana sau ɗaya, ya ce ai da ban sauke ba da wataƙila gidana za a shiga. Wataƙila haka ne. Ban taɓa yin da-na-sanin tsare Zainabu ba. Abin da ke hana ni sakewa shi ne kalma ɗaya da ban faɗa ba, da kwana tara da na yi ina cewa gobe.

Bayan wasu 'yan watanni aka buɗe layi, wayoyi suka dawo suna ƙara a aljihun kowa. Iyalan Buba da suka rage suka tsallaka Nijar, suka zauna a gefen wani ƙauye bayan Ƙonni, suna kiwon tumakin mutane. Shekara uku ina aika musu da gero da sabulu ta hannun direbobi, ban taka ba. Bayan rasuwar innarku na ga saura ni kaɗai da Alhaji Isa muka san abin, shi kuma tsufa ya fara cin hankalinsa. Sai na shirya na tafi.

Na sami Dudu, matar Buba, a bakin bukka tana gyaran ƙwarya. Ta tsufa ƙwarai. Ta yi murna da ganina, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, ta kira 'yar Ja'e, yarinyar da aka haifa a asibitinmu, ta ce ta gaida kakanta. Aka dama fura aka kawo. Na jira yarinyar ta tafi, Ja'e kuma yana wurin kiwo. Na ce, Dudu, na zo da magana. Na gaya mata duka, muryar da ta shigo, da maɓallin da ban danna ba, da cewa da hannuna na kwance igiyoyin tun kafin hadarin. Ban rage komai ba. Ina magana tana kallon ƙwaryar da ke cinyarta.

Tumaki suna kuka a bayan bukka.

"Malam Umaru, don mi ka zo?" ta ce.

Na ce don in nemi gafara, don kada in mutu da shi.

"Kai ka sauke kayanka ke nan. Shekara uku ina cewa iska ce. Iska ta Allah ce, na haƙura da ita, har barci nika yi. Yanzu ka ba ni mutum. Mutumin da maigidana ya zauna gindin icce kwana biyu shina kiran sunanai."

Na sunkuyar da kai. Ta ce kada in gaya wa Ja'e, yaro ne mai zuciya, kuma yana ganin girmana, ba ta so ya rasa wannan ma. Ta ce ita za ta gaya masa in ta ga lokaci ya yi, ko ta bar shi. Na tambaye ta ko za ta iya yafe mini. Ta ce ba ta sani ba, in tambaye ta wata shekara in muna da rai. Ta tura mini ƙwaryar furar ta ce in sha, hanya da nisa, ba a barin gidansu da yunwa. Na sha. Ta tashi ta shiga bukka, ba ta fito ba har na tafi.

Bara ke nan. Ban koma ba tukuna, ƙafafuna ba sa ɗaukar zaman mota, kuma ina tsoron amsar. Ku dai yanzu kun sani. Idan Ja'e ya zo garin nan ya kira ku 'yan'uwa, ku karɓe shi da abin da kuka sani a ranku, kada ku gaya masa, wannan hakkin uwarsa ne. Geron da nake aikawa duk kaka, in na mutu kada ya tsaya. Kada kuma wani cikinku ya aika da direba. Ku kai da ƙafarku.